Neman shawara: Wani eja (dillalin 'yan ƙwallo) ya ce zai kai ƙanena gwaji Turkiyya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare, yana buga ƙwallo a wata akadami a nan Kano. Sati uku da suka wuce wani mutum ya kalli wasansu, da aka tashi ya biyo shi har gida. Ya zauna a zaure yana nuna wa Baba hotunansa da Turawa a waya, ya ce zai kai yaron gwaji Turkiyya, a ba shi naira miliyan uku na biza da tikiti. Ya bar takarda da Turanci, wai Baba ya sa hannu shi ne wakilin yaron har shekara biyar. Yanzu Baba na zancen sayar da filinmu, yaron kuma ko abinci ya daina ci sosai, takalmin ƙwallonsa a gefen katifa yake kwana. Hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron a ce ni na tare masa arziki. Ya zan yi?

Koci Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kada Baba ya sa hannu. Dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙungiya a ƙasar waje, sai da dalili irin na iyayensa su koma can don abin da bai shafi ƙwallo ba. To ko ya ci gwajin, wa zai yi masa rajista? Na biyu, yarjejeniyar eja da ɗan wasa ba ta wuce shekara biyu, shi ya rubuta biyar. Tun 2023 kuma sai mai lasisin FIFA ke wannan aiki, ku ce ya nuna nasa. Ahmed Musa fa ƙwallo 18 ya ci wa Kano Pillars a kaka ɗaya, amma da VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010 sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya buga mata.

Maman Ummi: Wallahi ɗan maƙwabciyata haka aka yi masa. Bizar yawon buɗe ido aka ba shi, ejan ya ajiye shi a otal ya kashe waya. Sai da uwar ta sayar da keken ɗinkinta, dangi suka haɗa sauran, aka dawo da shi.

Abban Sadiq: Amma kada a yi wa ejoji kuɗin goro, akwai na kirki, kuma sau da yawa da su ake fita waje. Ku nemi takardar gayyata daga ƙungiyar, ku shiga shafinta na intanet ku tambaye su da kanku. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke ɗaukar nauyin tafiyarsa.

Koci Baban Khalifa: Haka ne Abban Sadiq. Kuma ku gaya wa yaron, Osimhen da ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, ya je Wolfsburg ta Jamus bai ci ko ɗaya ba, sai da aka ba da shi aro Charleroi ta Beljiyam. Ƙanen naka ya gama sakandare tukuna, ya nemi ƙungiya a gida ya riƙa buga wasa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kira mutumin na ce ya turo lambar lasisinsa, ya ce sai ya dawo daga Abuja. Gobe bayan Asuba zan zauna da Baba, kocin akadamin ma ya yarda zai zo. Ku taya ni addu'a, don yaron har yanzu ba ya yi min magana.