Binciken zogale da ciwon suga: in karanta a iska ko in ajiye?

'Yar Rediyo:
Assalamu alaikum. Ni ke gabatar da shirin lafiya na mako-mako a wani gidan rediyo. Shugaban sashenmu ya miƙo mini sanarwa daga wata jami'a, wai an gano zogale na sauke sukarin jini, ya ce in buɗe shirin Asabar da ita. Da na nemo asalin rahoton sai na tarar ɓeraye aka yi wa gwajin. Shi ya ce ina ruwan mai sauraro da ɓera. Ni kuwa gabana faɗuwa yake, don yawancin masu bugo mana waya dattawa ne masu shan maganin suga. Manyanmu a wannan aiki, wace ƙa'ida kuke bi?

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki karanta, amma ɓeran nan ya fito a jimlar farko, ba a ƙarshe ba lokacin da tsoho ya riga ya tashi alwala. Kuma ki faɗa ƙarara cewa kada kowa ya ajiye ƙwayarsa.

Lokacin da nake kan tebur, yaro bai isa ya kawo mini labarin lafiya ba sai ya gaya mini a kan wa aka gwada, su nawa ne, da wa aka kwatanta su, kuma aljihun wa kuɗin binciken ya fito. Sunan jami'a ko na mujalla ba ya amsa ko ɗaya. A 1998 mujallar Lancet, da duk girmanta, ta buga rahoton likita Andrew Wakefield da ya alaƙanta allurar MMR, wadda rigakafin ƙyanda ke cikinta, da cutar galahanga. Yara 12 kacal ya duba. Ɗan jarida ne, Brian Deer, ya tono a 2004 cewa likitan na karɓar kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin maka masu yin allurar a kotu. Sai 2010 aka janye rahoton, bayan iyaye da yawa a Ingila sun ƙi allurar, ƙyanda ta sake ɓarkewa.

Sai lissafi, inda muka fi cutar jama'a ba da niyya ba. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum, wato wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi, yana ƙara haɗarin ciwon dajin hanji da kashi 18 cikin 100. Mai son kilishi in ya ji haka sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Alhali a lissafin Birtaniya, cikin mutum 100 kusan 6 ne ke kamuwa da cutar a rayuwarsu, da wannan ƙarin su zama kusan 7. Duka biyun gaskiya ne, amma na biyun ne talaka zai iya aunawa ya yanke wa kansa shawara. A wurina wanda ya ba da kaso bai faɗi daga nawa zuwa nawa ba, rabin labari ya kawo.

Likitan Yara:
Baba Edita ya gama magana, sai dai kada a ɗauka mu likitoci ba a ruɗa mu. A watan Mayun 2020 Lancet ta sake buga wani rahoto da ya ce maganin hydroxychloroquine na da haɗari ga masu korona, har WHO ta dakatar da gwajin maganin. Cikin mako biyu aka janye shi, saboda kamfanin da ya ba da bayanan marasa lafiyar, Surgisphere, ya ƙi bari a tantance su. Shi ya sa nake fara duba ko an yi wa gwaji rajista kafin a soma shi, sharaɗin da manyan mujallun likitanci suka gindaya tun 2005, don kada mai bincike ya canza tambaya bayan ya ga amsa. Malama, mai shan maganin suga in ya bar shi ya koma ganye kaɗai, mu ake kawo wa shi ranga-ranga.

Ɗan Kemis:
Ku yi haƙuri manya, wannan duk na mai lokaci ne. Yarinya na da shiri jibi, data ma da kuɗinta take saye. Ƙanwata, ki samo likita ɗaya da ba shi da hannu a binciken, ki zaunar da shi a situdiyo, shi ke nan. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gyara. Ana faɗin kuskure da ƙarfi da safe, a gyara shi a gurguje da dare. Ku tuna ruwan gishirin Ebola a 2014: kafin hukuma ta ƙaryata, mutane sun sha sun yi wanka, har an rasa rayuka.

'Yar Rediyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na samu wata likita ta yarda za ta zo. Saura oga: ya amince da ɓeran, amma ya kafe sai an sa "ana sa ran zai warkar" a tallar shirin. Baba Edita, wannan ya halatta?

Tsohon Edita:
Tambaye shi wa ke sa ran. In ya kawo sunan mai binciken da ya faɗa, ki jingina masa maganar. In babu, a cire.