Yadda ya dace a jera fankoki a akwatin kwamfuta lokacin bazara

Mai shagon buga takardu, Gusau:
Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur da nake aikin zane da buga takardu da ita, kuma tun shigowar bazara take rage gudu da zarar rana ta take, wani lokaci ma ta mutu da kanta. Akwatin yana da fankoki uku masu faɗin milimita 120, dukansu suna fitar da iska waje. An ba ni shawarar in cire murfin gefe in sa fankar tsaye ta riƙa hura mata, amma ina son jin ta bakin masana tukuna.

Mai gyaran kwamfuta, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Malam. Matsalar tana ga yadda aka jera fankokin. Idan duka ukun suna fitarwa, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowace ƙaramar kafa da ba ta da raga, ƙura ta biyo ta ciki ta toshe haƙoran ƙarfen da ke kwashe zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ka mayar da biyu gaba su shigo da iska ta cikin raga mai tace ƙura, ka bar ɗaya a baya daga sama tana fitarwa, domin idan mai shigowa ta ɗan fi mai fita yawa, iska ce za ta riƙa fita ta waɗancan kafofin maimakon ƙura ta shiga. Gane fuskar fanka ba wuya: gefen da ke da sandunan da suka riƙe injin, ta nan iska ke fita, wasu ma suna da kibiya a jiki. Cire murfi yana iya rage zafi na ɗan lokaci, amma ban goyi bayansa ba a ƙasarmu, musamman ga wanda ya san ƙurar hunturu.

Malamin makaranta, Argungu:
Ina ƙara da cewa fanka ba ta sanyaya kwamfuta fiye da iskar ɗakin, kuma a watan Afrilu zafi a nan yakan wuce digiri 40. Saboda haka, ɗan'uwa, ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka nisanta bayansa da bango, kada ka kulle shi a cikin teburi. Ka sa manhajar HWMonitor, mai nuna zafin sassan kwamfuta, ka duba. Idan furosesa tana kusantar digiri 95 lokacin aiki, ita ce ke rage gudu don kare kanta, kuma wataƙila man da aka shafa tsakaninta da ƙarfen sanyayawa ya bushe.

Ɗalibi, Ƙauran Namoda:
Ranku ya daɗe, abu ɗaya ya rage. Wajen kakkaɓe ƙura da abin hura iska, a cire wayar wuta, sannan a riƙe fuka-fukan fanka da yatsa don kada su juya da ƙarfi su lalata injin. Ragar gaba kuma a wanke ta, a bari ta bushe sarai kafin a mayar.