Mako huɗu da 'yan aji biyar: fata, ciwon sanyi da ƙirji

Dakta Ƙarami: Salamu alaikum manyanmu. An ba ni ɗaliban likitanci 'yan aji biyar na mako huɗu, fata da cututtukan saduwa da na ƙirji duk a haɗe. Ya zan raba makonnin? Kuma wane littafin hotuna ya dace?

Oga na Fata: Wa alaikumus salam. Ajiye maganar littafi tukuna. Yawancin hotunan ciki farar fata ce, inda kumburi ke fitowa jawur. A fatarmu duhu yake yi, ko ya yi toka-toka, sai ɗalibi ya tsaya neman jan da ba zai gani ba. Kai su wajen marasa lafiya da safe, kusa da taga, ban da hasken waya. Ɓarnar da ta fi yawa ita ce ta man nan mai haɗi uku na kemis. A shafa wa makero, sitiroyid ɗin ciki ya kwantar da ƙaiƙayi, gefen zoben ya ɓace, cutar ta bazu har cinya da ciki. Mai ita ta zo, ɗalibi ya ce kyasbi ne, ya ƙara rubuta wani sitiroyid. To, tambayar farko: me kika shafa? A ce ta kawo kwalin. Kowane ɗalibi ya kankare gefen ƙurjin da hannunsa, ba tsakiya ba, ya ɗiga wa abin da ya kankaro KOH (sinadarin da ke narkar da ɓawon fata) kashi 10, ya jira minti 15, ya duba a madubin awo. Makeron kai kuma man shafawa ba ya kai wa saiwar gashi, sai griseofulvin na sha mako 6 zuwa 8, a sha da abinci mai maiƙo. Ƙazwa: permethrin kashi 5 daga wuya har tafin ƙafa, da tsakanin yatsu da ƙasan farce, ya kwana awa 8 zuwa 14, a maimaita bayan kwana 7. Gida duka rana ɗaya, in tsangaya ce kowa da kowa. A gaya musu ƙaiƙayi kan kai mako 4 bayan magani, in ba haka ba za su yi ta shafawa har fata ta ƙone.

Anti Sista: A wanke zannuwa da ruwan zafi a shanya a rana. Wanda ba ya wankuwa a ƙulle a leda kwana uku.

Na Gombe: Oga ka tsallake kuturta. Duk tabo mai haske a taɓa shi da auduga, mutum ya rufe ido, sannan a lalubi jijiyar gwiwar hannu.

Oga na Fata: Gaskiyarka. Wata 6 ko 12, kuma maganin kyauta ne.

Hajiya Dakta: Ƙanena, a ɓangarenmu matsalar baki ce kafin magani. Mace in ta ce "sanyi" tana iya nufin ƙaiƙayi, ko farin ruwa, ko ciwon mara, ko rashin haihuwa. Su tambayi launi, wari, tun yaushe. Mafi yawan farin ruwa ba daga saduwa yake ba, kada ɗalibi ya kashe aure da kalma ɗaya. A fitar da 'yan rakiya, a ja labule, ɗalibai biyu kacal da ma'aikaciya mace. In an tabbatar cutar saduwa ce, maigida da abokan zama duka sai an yi musu magani.

Na Gombe: Fitar mugunya ga namiji: ceftriaxone 500mg allura ɗaya, doxycycline 100mg safe da yamma kwana 7.

Mai Magani: Ceftriaxone gram 1 dai, ranka ya daɗe. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2024.

Na Gombe: 500 ɗin na Amurka ne, na 2021, ba ƙirƙira na yi ba.

Mai Magani: Ko wanne ne, a raba su da ciprofloxacin, ƙwayar ta daina jin sa. Mai ciki kuma ba doxycycline, azithromycin gram 1.

Hajiya Dakta: Tunjere fa? Gyambon da ba ya zafi, allurar benzathine penicillin yunit miliyan 2.4. A yi gwajin ƙanjamau a zama ɗaya.

Anti Sista: Mutanen Gombe da gardama, Allah ya shirya.

Na Gombe: Ku dai aiko mana da masar Bauchi, sai a yi sulhu.

Malam na Ƙirji: Hunturu ya kusa, masu asma za su cika ɗaki. Kowane ɗalibi ya riƙe abin shaƙa ya gwada a gabanka: ya girgiza, ya fitar da numfashi, ya danna sau ɗaya yana ja a hankali, ya riƙe daƙiƙa 10. Yaro ko tsohuwa, a huda gindin gorar ruwa ta 500ml a cusa bakin abin, fesa ɗaya numfashi biyar. Mai sitiroyid a kurkure baki bayansa. Su koyi kwantar wa iyaye hankali, domin da yawa sun ɗauka wanda ya fara shaƙa ya kamu ke nan har abada. Dattijuwa mai haki da ba ta taɓa shan taba ba, a tambaye ta shekara nawa tana hura icce a madafa marar taga. Tarin da ya kai mako 2, majina ta tafi GeneXpert, na'urar gwajin tibi, kafin komai. Wanda ya gama maganin tibi yana tari har yanzu, kada a mayar da shi kan magani sai gwaji ya nuna.

Dakta Ƙarami: Na gode ƙwarai. Na'urar awon numfashinmu ba bututun baki, akwai mai shi a Bauchi?

Malam na Ƙirji: Turo ɗalibi ɗaya Litinin da safe, zan ba shi kwali guda.