Bindigar roba da ƙanina ya saya a Amurka: tana da ƙarko? Kuma ana samun lasisinta a nan?

Baban Sadiya, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan na dawo daga wurin ƙanina da ke aikin jinya a Houston, jihar Texas. Ina can ya sayi ƙaramar bindiga sabuwa fil, ana ce mata Glock 19, a kan dala 500 da 'yan kai. Tare muka je shagon. Ya miƙa katin shaida, ya cika takarda, mai shago ya duba sunansa a kwamfuta ya ga ba shi da laifi, shi ke nan aka sa masa ita a akwati muka kamo hanya.

Da muka isa gida ya zare gidan harsashin, ya leƙa ciki ya tabbatar babu komai, sannan ya miƙo mini. Wallahi dariya ta kama ni. Ji na yi kamar irin bindigar wasan da muke saya wa yara da Sallah, domin mariƙin da duk ƙasanta roba ne, sama kawai ke da sanyin ƙarfe. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, baƙa ce mai kusurwa, amma ta zauna a tafin hannuna daram. Harbi kam ya hana ni, ya ce dokarsu ba ta yarda mai bizar ziyara ya yi ba sai in yana da lasisin farauta. Na tsaya bayansa a wurin gwajin harbi da abin toshe kunne ina kallo. Na lura duk harbi sai bakinta ya zabura sama, kuma harsasansa na farko duk ƙasa-ƙasa suka riƙa sauka ta hagu.

Tambayata biyu ce. Robar nan za ta jure zafi da ƙura irin namu, ko dai rana ɗaya za ta tsage a hannun mutum? Sannan ni ina sayen hatsi ta wajen Ribah da Bena, kowa ya san halin hanyar. Mutum irina zai iya neman lasisin irinta?

Tsohon Saje, Zuru:

Wa alaikumus salam, Alhaji, barka da dawowa. Robar da ka taɓa ba ta bokiti ba ce. Wani haɗi ne mai tauri da aka yi shi don ya jure zafi da mai da faɗuwa, kuma ba ya tsatsa, wanda shi ne babban ciwon bindigar ƙarfe in tana manne da jikin mutum yana gumi. Wurin da wuta ke tashi kuwa, wato bututun da murfin sama da ke ja da baya, duk ƙarfe ne zalla. Shi ya sa maganar da ake yi wai na'urar filin jirgi ba ta ganinta ƙarya ce. Tana gani sarai.

Wanda ya ƙera ta, Gaston Glock, mutumin Austriya ne, kuma kafin nan ba maƙerin bindiga ba ne. Sandunan labule da wuƙaƙen soja yake yi, sai dai ya san aikin roba ciki da waje. Sojan ƙasarsu suka karɓi Glock 17 a 1982, ita kuma 19 ɗin da ka gani ta fito a 1988, an ɗan rage mata jiki, tana cin harsashi 15. Ba shi ya fara ba, kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya riga shi da VP70 tun 1970, amma tasa ce ta karɓu. Ya rasu a ƙarshen 2023. Mu Browning muka sani, ƙarfe tun daga sama har ƙasa, ta kusa kilo guda, in ka wuni da ita a ƙugu sai ka ji a jikinka. Glock 19 ba ta kai giram 700 ba in babu harsashi. Sojan Ingila ma da suka daɗe da Browning sun ajiye ta a 2013 sun koma Glock 17, kuma a lokacin suna Afganistan, inda ƙura ba ta da sauƙi.

To amma rashin nauyin yana da kuɗinsa. Nauyi ne ke shanye tokarin harbi, in ka rage shi hannunka zai biya. Zaburar da ka gani ke nan. Saukar harsashi ƙasa ta hagu kuma ba laifin bindiga ba ne, sabon hannu ne ke fizgar kunama yana jiran ƙara. Zai daina in ya saba.

Abin da nake so ka gaya wa ƙanin naka da babbar murya: ba ta da makullin gefe irin na Browning. Tsaronta a ciki yake, da wani ɗan harshe a jikin kunamar. Duk abin da ya danna kunamar nan sosai, yatsa ne ko gefen riga, za ta tashi. Kada ya kuskura ya jefa ta aljihu tsirara, sai cikin kube mai tauri da ya rufe kunamar ruf. In da yara a gidan, akwatin ƙarfe da kwaɗo.

Barista, Gusau:

Baba Saje ya gama da ta farko. Ta biyu kuma, Alhaji, amsar a'a ce, kuma gara ka ji ta ba kwana-kwana.

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Adaka da sauran na ɗura albarushi ta baki, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Irin su mai baki biyu ta farauta, wannan hurumin Sufeto Janar ne. Fistol da libarba kuwa suna rukunin haramtattu, layi ɗaya da bindigogin yaƙi, Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Wanda aka kama da ita ba lasisi yana fuskantar ɗaurin shekara 10. Rasit ɗin shagon Houston ba zai yi maka amfanin komai a gaban alƙali ba, kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa a turo ta cikin kaya ko cikin motar da aka sayo. Shigo da ita laifi ne daban.

Mu nan mun ga yadda aka ƙare. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19. Ba a jima ba rundunar 'yan sanda ta ce takunkumin bayar da lasisi na nan, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A Agustan 2023 kuma muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Ko ta farautar kake so, hedikwatar 'yan sanda ta jiharku za ka je da ƙafarka ka ji matsayin da ake ciki, ba ta hannun wani mai "na san wani" ba.

Ɗan Mafara:

Barista, wagga doka ai mu talakawa masu tsoron hukuma kaɗai taka kamawa. Wanda ke cikin daji da AK-47 wa ya tambaye shi lasisi? An ƙaddamar da Askarawa, dakarun tsaron al'umma na gwamnatin Zamfara, a Janairun 2024, mutum sama da 2,600, mun gode, amma ba su bisa kowace hanya. Mutum ya tafo daga kasuwa a tare shi, sai ya nuna musu littafin doka?

Tsohon Saje, Zuru:

Ɗana, zafin da kake ji gaskiya ne, mu ma mun binne namu. Amma bari in faɗa maka abin da na sani a aikace. Fistol ta kusa ce, in ta wuce mita 50 sai gwani, yawancin mutane ma rabin haka ba sa samun abin da suka auna in jiki na rawa. AK tana cin mita 300, kuma ba mutum ɗaya ke zuwa ba, ayari ne a kan babura. Soja ma ba da fistol yake yaƙi ba, ta ko-ta-kwana ce. In suka tare mota suka lalubo ta a jikin Alhaji, sun samu dalilin ɗaukarsa jami'in tsaro, kuma ka san abin da ke biyo baya.

Baban Sadiya, Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Maganar kube na tura wa yaron yanzun nan, don na ga a aljihun ƙofar mota yake ajiye ta, ga 'ya'ya biyu ƙanana. Ta lasisi kuma na haƙura. Baba Saje, tunda kai ɗan ƙasar ne, ranar kasuwar Bena ƙarfe nawa motocin hatsi ke haɗuwa su taso tare? Yarana sun saba fitowa su kaɗai bayan la'asar, ina so in hana su.