Ina zan ajiye bindigar eyasof a gidan haya mai yara? (mazauna Ingila ku taimaka)

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara, musamman wanda ya san harkar nan. Ina zaune a Bradford, gidan haya, ni da iyali da yara biyu, babbar shekara 9 ƙaramin 4. Tun bara abokan aiki suka ja ni wasan eyasof, wannan da ake shiga daji ko tsohon sito a rabu gida biyu ana harbin juna da 'yan ƙwayoyin roba. Da farko hayar bindiga nake yi a filin, sai abin ya shiga raina na yi rajistar UKARA (ƙungiyar masu sayar da bindigogin eyasof a Birtaniya) na sayi tawa, baƙa wuluk, siffar M4 irin ta sojojin Amurka, wlh in ka hango ta ba za ka ce ba ta gaske ba ce. Sai ƙaramar fistol mai gas guda ɗaya.

To a ƙarƙashin gado nake tura su cikin jaka. Ran Asabar na fita sayen nama, ina dawowa na tarar da uwargida a bakin ƙofa fuska a murtuke, ashe ƙaramin ne ya jawo jakar har tsakar ɗaki ya zuge zif, ya zazzage kwalbar ƙwayoyin a kan kafet yana tsinta ɗaya-ɗaya yana tarawa a kofin shayi, bindigar kuma tana gefensa da magazin a jiki. Ta ce ko in nema wa bindigar wurin kirki ko a fitar da ita daga gidan, kuma gsky ba ni da bakin magana.

Shin doka ta wajabta sai na sayi akwatin ƙarfe irin na masu bindigar farauta? Don mai gidan bai yarda a huda bango ba. Kuma akwai ƙanin madam ɗan shekara 16 da ke zuwa mana hutu, yana ta roƙo in bar shi ya gwada a bayan gida, in bar shi?

Dogo_Coventry:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Allah ya ƙara tsarewa. Na daɗe a wasan nan, bari in yi maka bayani a tsanake ko da zan yi tsawo.

Doka ba ta ce sai ka sayi akwatin ƙarfe ba, wancan na masu lasin ne. Tun gyaran da aka yi wa dokar makamai ta 1968 a shekarar 2017 aka fayyace cewa eyasof ba makami ba ce matuƙar ƙwayar roba kawai take harbawa wadda ba ta wuce milimita 8 ba, kuma ƙarfinta bai wuce jul 1.3 ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi) in mai ɓarin wuta a jere ce, ko jul 2.5 in mai ɗai-ɗai ce. Tamu yawanci milimita 6 ce. Amma a nan mutane ke yin sake, sai mutum ya ji an ce ba makami ba ce ya ɗauka ai kamar motar wasan yara ce. A'a. A idon doka taka kwaikwayon makami ce mai kama da na gaske, tana ƙarƙashin dokar 2006, shi ya sa ma ba su sayar maka ba sai da ka yi wasa sau uku a fili ɗaya cikin abin da bai gaza wata biyu ba. Kuma UKARA ɗin nan ba lasin ba ne fa, rajista ce ta 'yan kasuwa don su kare kansu wajen sayar maka, ba za ka nuna wa ɗan sanda ita a titi ta cece ka ba.

Inda dokar take da zafi shi ne waje. Sashe na 19 na dokar 1968 ɗin ya haramta fita da kwaikwayon bindiga bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Zuwa filin wasa da dawowa dalili ne, amma barinta a but ɗin mota sati guda kana yawon Uber da ita ba dalili ba ne. In kuwa ka nuna wa wani don ka tsorata shi, ko da kuwa babu batir a ciki, wannan laifi ne da ke iya kai mutum shekara 10.

Ni ga yadda nake yi in na dawo daga wasa. Ina cire magazin, sannan in saita ta a ɗai-ɗai in harba sau biyu uku cikin tsohon bargo, domin kusan kullum akwai ƙwaya ɗaya da ke maƙalewa a ciki bayan ka cire magazin, ita ce ke cire wa mutane ido, mutum ya rantse ai babu komai a ciki. Harbin nan kuma yana sakin sifirin ɗin ciki kar ya kwana a danne. Sai in cire batir. Bindigar ta shiga akwati mai tauri irin na roba mai kauri da ramin kwaɗo biyu, in sa kwaɗo mai lamba ba mai makulli ba, don yara sun fi ka sanin inda kake ajiye makulli, sannan akwatin ya hau saman wadirof can ƙurya. Magazin da ƙwayoyi da gas suna wata jaka daban a wani ɗaki. Ba a huda bangon kowa ba. In kana son ƙari akwai ɗan kwaɗon da ake ɗaura wa kunamar bindiga, ba shi da tsada.

Fistol mai gas kuma ka bar ɗan gas kaɗan a magazin ɗinta, yana hana robobin ciki bushewa su fara yoyo. Amma in mai ƙaramin gwangwanin CO2 ce to cire shi ake yi.

Abu_Sadiq:
Malam Dogo anya kuwa? Ni na karanta cewa dole ne ka kulle ta in akwai yaro ƙasa da shekara 18 a gida, har tara ake ci. Kar mu sa bawan Allah a matsala.

Dogo_Coventry:
Abu Sadiq abin da ka karanta gaskiya ne amma na bindigar iska ne, mai harba dalma, wadda ake harbin ɓera da zomo da ita. Ita ce dokar 2010 ta ce dole ka ɗauki matakin hana ɗan ƙasa da 18 kaiwa gare ta, kuma a Sikotilan ma sai da lasi ake riƙe ta. Eyasof da ba ta wuce ƙa'idar jul ba ba ta ciki. Sai dai ka taɓo wani abu mai muhimmanci, in mutum ya je ya canza sifirin ya ƙara mata ƙarfi ta haura 1.3 alhali tana ɓarin wuta a jere, to ta fita daga wasa, za a iya lissafa ta cikin haramtattun makamai na sashe na 5 masu ɗaurin shekara 5 mafi ƙaranci. Shi ya sa duk wanda ya sayi ta hannu nake ce masa ya kai a auna masa a na'urar filin wasa kafin komai. Kuma ni dai ko doka ba ta ce ba, matakin masu bindigar iskar nake bi, don in wani abu ya faru da yaro ba wanda zai tsaya yana tambayarka jul nawa ce.

Maman_Twins:
Baban Ilham ka gode wa Allah ka kuma ba wa matarka haƙuri da kyau, ba haƙurin baki ba. Ku maza kuna ta lissafin sashe kaza da jul kaza, ni abin da ya tsaya min a rai kofin shayin nan ne. Yaro ɗan shekara 4 da ƙwaya mai santsi ƙarama kamar wake, ina kuke zato za ta? Hanci ko kunne ko baki. Ɗaya daga cikin 'yan biyuna ya taɓa cusa dutsen ado a hanci, sai da muka kwana a asibiti ana neman yadda za a zaro, ba na fatan ko maƙiyina ya ga wannan daren. Ka sa injin shara ka bi kafet ɗin nan lungu-lungu har ƙarƙashin gado, don ba ta ƙarewa, bayan wata guda sai ka ga ɗaya ta ɓullo.

Maganar ƙanin madam kuma, ni a Ohayo nake a Amurka, kuma a nan jihar ne a Kilibland aka harbe Tamir Rice a watan Nuwamban 2014, yaro ɗan shekara 12 baƙar fata, yana wasa da irin wannan bindigar a filin shaƙatawa, babu ɗan jan-lemon nan da ake sa wa a bakinta, wani ya kira 'yan sanda, suna isowa ko daƙiƙa kaɗan ba a yi ba aka harbe shi. Na san Ingila ba Amurka ba ce amma ku dubi kanku tsakani da Allah, saurayi baƙi ɗan 16 riƙe da baƙar M4 a bayan gida, tsohuwar maƙwabciya tana leƙowa ta tagar bene, me kuke zaton za ta faɗa a waya? Ba za ta ce abin wasa ba.

Dogo_Coventry:
Hajiya ta gama magana. Kuma nan ɗin ma da yawancin 'yan sanda ba sa riƙe makami, in aka kira 999 aka ce an ga bindiga ba waɗannan ake turowa ba, masu makamai ne za su zagaye layin. A doka harbi a cikin gidanka ba laifi ba ne, kuma ɗan 16 ba zai iya saya ba amma zai iya wasa da taka. Sai dai gidajen Bradford ɗin nan da ke manne da juna, shinge bai kai kafaɗa ba, ƙwaya ɗaya ta tsallake ta fasa gilashin maƙwabci ko ta samu kyanwarsa ka shiga uku. Ka kai shi filin wasa kawai, galibi suna karɓar 'yan shekarunsa in babba ya sa hannu, a ba shi abin rufe fuska gaba ɗaya, ba tabarau kaɗai ba don tana karya haƙori. Ko a cikin ɗaki ma kar ka tsaya kana goge ta a gaban taga labule a buɗe. In za ka fita da ita a cikin akwatinta a rufe, daga ƙofa zuwa but, daga but zuwa fili.

Injiniya_Sabo:
Kowa na maganar bindiga an manta da abin da zai iya ƙona gidan. Wane batir kake amfani da shi? In lipo ne, wato batirin litiyam mai bolt 7.4 ko 11.1, to shi ne abin tsoro a jakar nan ba ƙwaya ba. Ba a barinsa cikin bindiga, ba a barinsa a caji ka tafi masallaci ko ka kwanta, kuma ba a ajiye shi cike taf ko a ƙare ƙaf na tsawon lokaci. Caja mai kyau tana da wurin saitin ajiya, tana kai kowane ɗaki na batirin wajen bolt 3.8, a nan yake son zama. Ka sayi 'yar jakar nan da ba ta cin wuta da wuri ka riƙa sa shi ciki, a wurin da babu tufafi ko katifa kusa. Ƙarƙashin gado kam shi ne wuri mafi muni da za ka zaɓa masa. In ka ga ya kumbura kamar fanke kar ka ce bari in ƙara wasa ɗaya da shi, kuma kar ka jefa a kwandon shara na gida, kai shi wurin karɓar batura na kansul. Gwangwanin girin gas na fistol kuma furofen ne da ɗan man silikon, gas ne mai kamawa, nesa da hita, nesa da kicin, kar a bar shi a mota rana na duka.

Dan_Fagge:
Hhhh ku 'yan Turai da abin dariya kuke, bindigar roba har da kwaɗo da sashe na 19. Mu nan da sallah yara ke yawo da ita a lungu. Baban Ilham in madam ta ƙi kawai ka sako min ita a kaya in za ka zo gida, ina so.

Dogo_Coventry:
Dan Fagge rufa wa bawan Allah asiri. Ko fistol mai iska tana cikin jerin kayan da kwastam na Najeriya suka haramta shigowa da su kwata-kwata, balle abu mai siffar M4 a wannan yanayi na tsaro. Ka yi tunanin a buɗe akwatinsa a filin jirgin Malam Aminu Kano, ko a tsayar da kai da ita a shingen sojoji hanyar Kaduna, wa zai tsaya ka yi masa bayanin roba take harbawa? Kuma ta sallar da kake faɗa ba ta kai rabin ƙarfin wannan ba amma ita ma tana taɓa idon yara.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Hajiya na karanta wa madam saƙonki, ta ce a gaishe ki, ta ce dama ita ma abin da take faɗa kenan ba a ji. Na bi kafet da injin shara sau biyu, na tsinci 14 a bayan durowa kaɗai. Malam Dogo maganarka ta ƙwayar da ke maƙalewa, na cire magazin na harba cikin bargo ina ganin ai wasa ne, sai ga ta ta fito, jikina ya yi sanyi wlh don haka take a jakar ranar da yaron ya buɗe, kuma batir na ciki. Na yi odar akwatin da kwaɗo biyu, kafin ya iso na kai bindigar gidan abokina da ba shi da yara. Ƙanin madam na ce masa sai dai mu je fili tare ran Lahadi, ya ɓata rai amma ya yarda.

Injiniya batirina 11.1 ne, kuma yanzu da na duba gefe ɗaya ya ɗan tasa kaɗan, bai kai fanke ba amma ba a shafe yake kamar da ba. Na ajiye shi a tsohuwar tukunyar ƙarfe a bayan gida. Shi ma ya tafi kenan ko yana da sauran rai?

Injiniya_Sabo:
Ya tafi. Kar ka sake sa shi a caji. Ka naɗe bakin wayoyin da salatif kada su haɗu, ka kai shi gobe.