"Bounded": turke ne ko dabaibayi?

Jama'a ku taya ni. Jiya da yamma a teburin mai shayi, daf da babbar ƙofar ABU a Samaru, wani ƙanena mai digiri na biyu a lissafi ya ce, "Yaya, me za a kira 'bounded operator' da Hausa?" Ban yi wata-wata ba na ce "mai iyaka". Sai da na kwanta na gane na yi masa ɓarna.

Ofareta a nan ba mai tuƙa katafila ba ne. Kamar injin markaɗe yake: ka zuba fankshin (ƙa'idar da ke karɓar lamba ta ba da wata), wani fankshin ya fito. Fankshin ɗin kuwa irin waɗanda ake jerawa ne, a + bz + cz² har illa masha Allahu, a cikin faifai mai radiyos 1. Zaurensu da aka fi sani shi ne H², mai sunan G. H. Hardy na Ingila.

To abin da ke fitowa daga injin ba shi da wata iyaka. Ka ninka abin da ka zuba sau goma, ninki goma zai fito. Riɓin ne aka ƙayyade: akwai lamba guda, M, wadda girman abin da ya fito ba ya wuce M sau girman abin da ya shiga. Girma a H² daga lambobin jerin (a, b, c...) ake auna shi. Ɗauki zⁿ, girmansa 1 ne. Injin difarenshiyeshan, mai auna saurin canjin fankshin, ya mai da shi nzⁿ⁻¹, girma n, wato z¹⁰⁰ ya kumbura sau 100, kuma haka zai yi ta tafiya ba mai riƙe shi. Intigiral zalla kuwa, kishiyar difarenshiyeshan, raba girman yake yi da n+1, don haka ba ya kumbura shi.

Wani malami daga Tudun Wada ya kawo "ƙayyadadde". Daidai ne, amma an ƙayyade me? Wata ɗaliba ta ce "mai linzami". Ya yi daɗin faɗi, sai dai linzami na buƙatar mahayi.

Kawuna da ke kiwo a Bomo ne ya raba gardamar, bai ma san ana yi ba. Akuyarsa a turke take, duk zagayenta ba ta wuce tsawon igiya. Jakin kuwa dabaibayi ya yi masa: in ya ga dama ya kai Shika, amma kowane taku ba ya wuce ƙima.

Ga shawarata: fankshin da ƙimarsa ba ta wuce wata lamba, "mai turke". Ofareta kuwa "mai dabaibayi", M kuma "tsawon dabaibayi". Na gwada da sakamakon masanin lissafi Pommerenke na 1977: injin da ke karɓar f ya tara f(w)g′(w) daga 0 zuwa z (g′ shi ne difarenshiyeshan ɗin wani fankshin g) yana da dabaibayi a H² idan, kuma sai idan, g tana cikin wani zauren fankshin da ake kira BMOA. Ya zauna a baki. Injin Cesàro ma, mai ɗaukar matsakaicin lambobin jerin, tsawon dabaibayinsa 2 ne cif.

Ƙanen nawa ya ce, "Yaya, in na rubuta jaki a tesis, sufabaiza zai kore ni." Na ce dabaibayin kawai za ka rubuta, jakin ka bar wa Kawu. Saura wani nau'in ofareta, "compact operator". Wanda ke da kalma ya ajiye a ƙasa.