Gajiyar da barci ba ya kashewa: me kuka sani a kai?

Mai kula da zaure, Asawase, Kumasi: Salamu alaikum. Tambayoyi sun yi yawa kan ciwon gajiya mai daɗewa, wanda likitoci ke kira ME/CFS. Duk wanda ke fama da shi ko ke jinyar mai shi, ya kawo abin da ke aiki: gwaji, rubuta alamomi, da neman tallafi.

Nas, Aboabo: Wa alaikumus salam. Babu gwajin jini ɗaya da ke nuna shi, don haka likita kan fara kore sauran cututtuka. A wajenmu jerin yana da tsawo: maleriya, ƙarancin jini, sikila, ciwon hanta, tarin fuka, ƙanjamau, ciwon suga, ƙoda da maƙoƙo. Abin da ya fi cutar da mutane shi ne a yi ta rubuta musu maganin taifot wata bayan wata bisa gwajin Widal kaɗai, gwajin da ke yawan yin ƙarya. In sakamako ya fito lafiya amma jiki bai dawo ba, a nemi takardar turawa zuwa babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye.

Alamar da ta raba shi da gajiyar kowa ita ce zubewar jiki bayan aiki. Ba nan take take zuwa ba. Mutum ya je kasuwar Kejetia ranar Litinin, ya dawo ras, sai Talata ko Laraba ya kasa ɗaga kai, ya kwanta kwanaki. Tazarar kan kai awa 12 zuwa 48. Ga barcin da ba ya wartsakarwa, ga rikicewar tunani ko jiri in an tsaya. Waɗannan ne ma'aunin da Cibiyar Likitanci ta Amurka ta fitar a 2015, da sharaɗin a shafe wata shida. Hukumar NICE ta Ingila, mai fitar da ƙa'idojin jinya, ta rage shi zuwa wata uku a 2021.

Malamin makaranta, Sawaba: Yaya Nas, ba motsa jiki ne maganin ba? An saba cewa a ƙara tafiya kaɗan-kaɗan kowane mako.

Nas, Aboabo: Malam, wannan shawarar ce NICE ta janye a waccan shekarar, domin ƙara aiki bisa jadawali, ko jiki ya yarda ko bai yarda ba, yana kwantar da masu ciwon. Abin yi shi ne auna ƙarfi a tsaya kafin ya ƙare.

Mai jinya, Yalwa: Don rubuta alamomi, littafin makaranta mai layi ya isa. A ja layi biyar: bugun zuciya da asuba kafin a sauko daga gado, awannin barci, aikin da aka yi da mintinsa, ƙarfin jiki daga 0 zuwa 10, sai alamomi. Inda mutane ke kuskure, suna rubuta wanki da ɗebo ruwa, su manta da hira. Zaman suna, doguwar waya, hayaniyar trotro (motar haya), lissafin kanti, duk suna ci. Kuma in jiki ya zube yau, kada a duba layin yau, a koma baya kwana ɗaya ko biyu. Bayan mako shida zuwa takwas iyakar mutum kan fito fili. In bugun asuba ya haura yadda ya saba da kamar 10, ranar hutu ce ko da ana jin daɗin jiki. Ranar jin daɗin ma ita ce mai haɗari, don a ranar ake cewa bari a biya bashin aikin mako.

Ƙananan dabaru: kujera a banɗaki, ruwan wanka ba mai zafi ba, yanka albasa a zaune, aiki minti goma a kishingiɗa. Salla a zaune ta halatta ga mara lafiya, azumi kuma a tuntuɓi likita da malami tun kafin wata ya kama.

Nas, Aboabo: Ga masu jiri akwai gwajin tsayuwa. A kwanta minti goma a auna bugu da hawan jini, sannan a jingina da bango minti goma ana aunawa. Ƙarin bugu 30 ko fiye ga babba, in ya ɗore, abin nuna wa likita ne. Kada a yi shi ba kowa kusa, ana iya suma. Ƙarin ruwa da gishiri na taimaka wa wasu, amma mai hawan jini ko ciwon ƙoda kada ya taɓa sai da izinin likita.

Ɗalibin lafiya, Jami'ar KNUST: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan jijiyoyi, lamba G93.3 a tsohon kundinta na ICD-10, 8E49 a sabon ICD-11. A roƙi likita ya rubuta lambar a takarda. A 2025 binciken DecodeME na Jami'ar Edinburgh ya duba ƙwayoyin gadon masu ciwon sama da 15,000, ya gano wurare takwas da suka bambanta, wasu na da alaƙa da garkuwar jiki da jijiyoyi. Sai dai waɗanda aka duba 'yan asalin Turai ne. Magani mai warkarwa bai samu ba tukuna, don haka mai tallar kwalba a mota da alkawarin warkewa kuɗinku yake so.

Tsohon ma'aikacin walwala, Tafo: 'Yan uwa, kada a sa rai da yawa, amma ƙofofin tallafi uku ne. Mai biyan SSNIT, asusun fanshon ma'aikata na Ghana, na iya neman fanshon naƙasa in ya biya aƙalla wata 12 cikin 36 na ƙarshe, kuma kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya aiki ba har abada. Kalmar "har abada" ce ke kayar da masu wannan ciwon, tunda yau sauƙi gobe kwanciya, shi ya sa littafin nan ya zama hujja. Kada a jinkirta bayan barin aiki, watanni 36 ɗin tafiya suke yi. Na biyu, kason naƙasassu na Common Fund, kuɗin da gwamnati ke raba wa gundumomi, ta ofishin walwala na Asambile, wato majalisar gunduma. Na uku LEAP, tallafin kuɗi na gwamnati ga gida mai tsananin talauci, wanda ke haɗawa da katin inshorar lafiya na NHIS kyauta.

Rahoton likita kada ya tsaya ga sunan ciwo. Ya faɗi minti nawa mutum ke iya tsayuwa, da kwana nawa yake kwanciya bayan ya fita. Ranar ganin kwamiti a je da wanda ke jinyar, don shi ne ya ga ranakun da mara lafiyar bai iya fitowa ba. Kowace takarda a yi kwafinta kafin a miƙa.